Tsofaffin littattafan ɗarikun Sudan: me za a ɗauka, me za a bari?

Ɗan Gadarif:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina son in haɗa ɗan rubutu da Hausa saboda yaranmu na nan Gadarif, a kan ɗarikun sufaye na ƙasar nan da alamomin da ake gane su da su: tutoci, launin tufafi, carbi, hular shehu, kujerar halifa da makamantansu. Yara suna ganin waɗannan abubuwa a filin maulidi, suna tambaya, amsar da ake ba su kuwa kowa da tasa.

Abin da ke hannuna duk tsofaffin littattafai ne. Akwai Ɗabaƙat na Wad Daifallah, bugun da ba shi da fihirisa. Akwai na Trimingham a kan Musulunci a Sudan, an rubuta 1965 a shafin farko. Akwai kwafin wata maƙala ta Willis, sai wasu shafuka na wani littafin Faransanci da ke jera ɗariku da adadin mabiyansu. Wani ya ce in zuba su a kwali in rufe, wai na Turawa leƙen asiri ne, na Wad Daifallah kuma labarin karamomi ne zalla. Wani kuma ya ce duk abin da aka rubuta daga baya daga cikinsu aka ɗebo. To ina gaskiyar take? In ana amfani da su, ta wace hanya? Batun launi ma ya fi ɗaure mini kai, don na ga an rubuta cewa tutar Ƙadiriyya fara ce, ni kuwa kore nake gani a hannun mutane.

Malam na Kasala:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka rufe su a kwali, asara ce. Amma kafin ka ɗauki ko layi ɗaya, samu 'yar takarda ka saka a bangon kowane littafi, ka rubuta shekarar da aka rubuta shi, wadda sau da yawa ba ita ce shekarar bugu ba, da aikin da marubucin ke yi a lokacin, da yankin da ya taka da ƙafarsa. Mafi yawan kurakuran da ake yi da waɗannan littattafai daga nan suke tasowa: ana tambayar littafi abin da bai zo duniya ba lokacin da aka rubuta shi.

Ɗauki Ɗabaƙat. Muhammad an-Nur wad Daifallah mutumin Halfayatul Muluk ne, arewa da Kartum, ya rasu a 1224 bayan Hijira. Ya kawo tarihin mutum wajen 270, waliyyai da malamai da mawaƙa, a jere bisa haruffa, dukkansu na zamanin daular Funj ta Sinnar, wadda ta kafu a 1504 ta faɗi a 1821. Saboda haka kada ka nemi Hatmiyya a ciki, domin Sayyid Muhammad Usman al-Mirgani ya shigo Sudan ne bayan rasuwar marubucin. Kada ka nemi Tijjaniyya, kada ka nemi Isma'iliyya ta Ubayyid. Ƙadiriyya da Shazaliyya za ka tarar, su ma a Jazira da Butana da bakin Nilu. Yammacin ƙasar ɗan abin da ke ciki kaɗan ne.

Gaskiya ne littafin cike yake da karamomi, amma wanda ya ce don haka ba shi da amfani bai karanta shi da idon mai neman alama ba. A cikin labarin karamar ne ake ambaton kayan. Dubi labarin Tajuddin al-Bahari, wanda ya kawo Ƙadiriyya daga Bagadaza a ƙarni na goma na Hijira. Ya ɓoye raguna a ɗaki, ya fito ya ce wa jama'a duk wanda zai shiga hanya sai ya yanka shi. Mutane suka watse. Muhammad al-Hamim ya shiga, sai aka yanka rago, jini ya malalo waje, na waje suka ɗauka an yanka mutum. Ban Naƙa ad-Darir shi ma ya shiga duk da tsufansa. Ko ka karɓi labarin yadda yake ko ka ɗauke shi misali, ka samu abu biyu a hannu: sunayen halifofin farko, waɗanda gidajensu suna nan har yau, da yadda mutanen wancan zamani suka fahimci mubaya'a, wato miƙa wuya gaba ɗaya.

Kujerar da ka ambata sunanta kakar, ta itace ce, gajeriya. Hular kuma ita ce ɗaƙiya ummu ƙarnaini, mai ƙaho biyu. Asalinsu kayan sarautar Funj ne, da su ake naɗa mak, wato sarkin yanki, daga baya wasu gidajen shehunnai irin na Ya'aƙubab suka ɗauke su wajen zaunar da halifa. In ka rubuta wa yara cewa hula mai ƙaho alamar Ƙadiriyya ce ka yi kuskure, don Baƙadiren Bagadaza ko na Kano bai san ta ba. Ta ƙasar Sinnar ce.

Batun bugu yana da muhimmanci ƙwarai a wannan littafin. An buga shi sau biyu a Alƙahira a 1930, sannan Farfesa Yusuf Fadl Hasan ya yi masa tahƙiƙi aka buga a Kartum a 1971, bayan ya gwada kwafe-kwafen hannu, ya sa sharhi da fihirisa. Wannan na ƙarshen shi za ka nema. Dalili kuwa, Wad Daifallah yana gauraya Larabcin littafi da darijiyyar zamaninsa, wato Larabcin baka na yau da kullum, kuma bugun da ba shi da sharhi zai bar ka da kalmomin da ƙamus na fusaha bai san da su ba. In bugun ya gagara, ajiye ƙamus ɗin Aun ash-Sharif Ƙasim na darijiyyar Sudan kusa da kai.

Sai shekaru. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauki tazarar da ke tsakanin Hijira da Miladiyya a yau, wato wajen 579, ya ƙara wa tsohuwar shekara. In ka yi haka da 1224 za ka samu 1803, ka kauce da shekara shida. Shekarar Hijira ta gaza ta rana da kwana wajen 11, don haka tazarar ba a tsaye take ba. Ninka shekarar da 0.97, ka ƙara 622: 1224 za ta ba ka 1809. Kuma tunda shekarar ta fara a Fabrairun 1809 ta ƙare a Fabrairun 1810, in ba ka san watan ba sai ka rubuta 1809/10, kada ka zaɓi ɗaya da ka.

Malama daga Madina:

Malam na Kasala ya gama da Ɗabaƙat, bari in taɓa na Turawan, ƙanena.

Wanda ya ce maka leƙen asiri ne bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a rabin magana. Maƙalar Willis ta fito a 1921 a mujallar Sudan Notes and Records, mujalladi na 4, kuma shi ne ke riƙe da ofishin leƙen asiri na gwamnatin Ingila a Kartum. Gwamnatin da ta zo bayan Mahdiyya tambayarta ɗaya ce game da kowace ɗarika: wa ke bin wa, a ina suke, za su iya tada ƙayar baya ko ba za su iya ba. To duk abin da ya shafi wannan tambaya sun sa ido a kansa sosai, domin kuskure a ciki zai cuce su. Sunan shehun da ke raye a shekarar, ƙauyen da yake, rassan gidansa, wane reshe ne ba ya ga maciji da wane, waɗannan za ka iya ɗauka, kuma ba lallai ka same su a rubuce a wani wuri ba. Ma'anar zikiri kuwa, da dalilin launi, da abin da murid ke nufi da ɗamararsa, ba su dame shi ba, abin da tafinta ya faɗa shi ake rubutawa. A nan kada ka dogara da shi.

Shafukan Faransancin nan, duba ko daga littafin Louis Rinn ne na 1884, ko na Depont da Coppolani na 1897. In ɗayansu ne, to ƙididdigar ta Aljeriya ce, an tattara ta ne domin hukumar Faransa a can. Kada lamba ɗaya daga ciki ta shiga rubutunka a kan Sudan. Ko a kan Aljeriyar ma ƙiyasin jami'an gunduma ne, ba wanda ya bi zawiya-zawiya ya ƙirga kawuna. Amfaninsu a wurinka silsila ce da sunayen muƙaddamai na ƙasashen Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka, musamman in kana bin asalin Tijjaniyya ko Sanusiyya.

Na Trimingham, 1965 ɗin da ka gani shekarar sake bugu ce. Littafin na 1949 ne, don haka in ya ce “a yau” yana nufin kafin ƙasar ta samu 'yanci a 1956. Mutumin ɗan mishan ne da ya zauna a Sudan, ya ji Larabcin ƙasar, kuma inda yake siffanta halƙar zikiri, yadda ake tsayuwa da yadda ake buga nauba da ɗar, wato gangar zikiri da bandiri, siffantawa ce mai kyau. Inda yake yanke hukunci cewa kaza lalacewa ce, kaza ragowar maguzanci ne, wannan ra'ayinsa ne. Ka riƙa karantawa da fensir: abin da ya ce ya gani ka ja layi ƙarƙashinsa, abin da ya fassara da kansa ka sa masa alama a gefe. Kafin ka kai ƙarshen babi za ka ga layin da ke tsakaninsu a fili.

Yanzu launi. Farar tutar Ƙadiriyya ta Masar ce. Edward Lane, a littafinsa na 1836 kan al'adun mutanen Masar, ya rubuta abin da ya gani a Alƙahira: Rifa'iyya baƙi, Ƙadiriyya fari, Ahmadiyya ta Sayyid al-Badawi ja, Burhamiyya kore. Wannan jeri ya yi daɗin kwafa, sai ya yi ta yawo daga littafi zuwa littafi har aka manta cewa na birni ɗaya ne a zamani ɗaya. Kai kuma abin da idonka ya gani shi ma gaskiya ne. Wanda ya san filin Hamad an-Nil a Umdurman ran Juma'a kafin faɗuwar rana ya san kore da ja ne suka cika wurin, su ma Ƙadirawa ne. Sammaniyya kuwa farar jallabiya suke sawa, su ɗaura ɗamarar fata da ake kira karraba, su tsaya sahu-sahu. Don haka duk launin da za ka rubuta, haɗa shi da gari da gida da shekara.

Wani rami kuma da ake faɗawa: tutocin Mahdiyya. Baƙar tuta ta Halifa Abdullahi ce, koriya ta Halifa Ali wad Hilu, ja ta Halifa Muhammad Sharif. Rabon runduna ne, ba ruwansa da ɗarika, hasali ma Mahadi, duk da ya taso a Sammaniyya, ya soke ɗariku a zamaninsa. Haka rigar Ansar, wato mabiyan Mahadi, mai maho. Da farko maho ne na gaske, na talauci da gudun duniya irin na sufaye. Daga baya a zamanin Halifa Abdullahi ta koma rigar soja, ana yanka ƙyalle masu launi ana ɗinka su a tsare, dama daidai da hagu. In ka ga hoton riga mahonta a jere tsaf, ta wannan zamanin ce, kada ka sa ta a babin darwishai.

Ƙaramin abu amma yana ɓata lokaci: rubutun sunaye. Ɗan Sudan yana furta ƙaf kamar g, Bamisire kuma jim yake mayarwa g, Turawa suka rubuta yadda suka ji. Tijjaniyya za ka gan ta Tigania a wurin Ingilishi, Tidjania a wurin Faransawa. Khouan ɗin da ke cikin littattafan Faransa ihwan ne, mokaddem muƙaddami ne, fiki ko feki shi ne faki. Buɗe shafi guda a littafin rubutunka, kowane suna ka mayar da shi haruffan Larabci sau ɗaya, ka jera duk siffofinsa a gabansa. In ba haka ba sai ka wayi gari ka mayar da shehu ɗaya mutum uku.

Ɗan Gadarif:

Allah ya saka da alheri, Malam da Malama, kun warware mini batun tuta. Saura abu ɗaya. Na bi fihirisar Trimingham da maƙalar Willis ina neman Hausawa, abin da na samu bai taka kara ya karya ba, alhali yawancin iyayenmu a nan 'yan Tijjaniyya ne. Shin ba su rubuta mu ba ne, ko ni ne ban iya nema ba?

Alaramma na Maiwurno:

Ɗana, sun rubuta mu, amma ba da sunanmu ba. Nemi Fallata, nemi Takarir ko Takruri. A ƙarƙashin waɗannan kalmomi suka cusa Bahaushe da Bafillace da Babarbare da duk wanda ya fito daga yamma kan hanyar hajji. In littafi ya ce wani faki Bafallace ne, wannan bai gaya maka yarensa ba, sai ka duba garin da ya fito da sunan mahaifinsa. Nemi kuma sunan Umar Janbo, Bahaushe ne, yana cikin waɗanda suka yaɗa Tijjaniyya a Darfur da Kurdufan, ya zauna a Fashir zamanin Sarki Ali Dinar. Nemi Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu Umar al-Futi, wanda ya zauna a Madina har ya rasu a 1931, alhazan yamma da yawa ta hannunsa suka karɓi izini ko suka sabunta. Sannan ka riƙe shekara biyu: 1903, yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, da 1906, lokacin da ɗansa Muhammad Bello Mai Wurno ya sauka da jama'arsa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Su waɗannan gidan Shehu Usmanu ne, tushensu Ƙadiriyya, ga kuma ƙaunar Mahadi a cikinsu. Kada ka rubuta cewa duk mutanen yamma Tijjanawa ne.

Failar Shehu Ibrahim Inyass ta bayyana a Kaulaha a 1929, yaɗuwarta mai ƙarfi a ƙasar Hausa da gabas kuma daga baya ne. Littafin 1921 ba zai san ta ba, na 1949 ma ba zai nuna maka Tijjaniyyar da yaranka ke gani yau ba. Wannan giɓin sai da baki za ka cike shi, wurin muƙaddaman da ke raye.

Ga ma'aunin da zan ba ka na gwada kowane littafi: duba abin da ya ce a kan lambar da ka riga ka sani. Lazimi istigfari 100 ne, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Wazifa istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, ana shimfiɗa farin ƙyalle. Marubucin da ya gauraya lazimi da wazifa, ko ya mayar da zikirin Juma'a na kullum, to bai zauna da mutanen ba, sauran abin da ya faɗa game da su ma ka riƙe shi da hannu biyu. Amma in ka ga 11 a maimakon 12 kada ka yi saurin cewa kuskure ne. Akwai masu karanta Jauhara ƙafa 11, su ne mabiyan Shehu Hamahullah na Nioro a Mali. Faransawa suka mayar da wannan bambanci alamar tawaye, suna raba mutane da 'yan sha ɗaya da 'yan sha biyu a rahotanninsu, shi kuma suka kore shi daga ƙasarsa har ya rasu a Faransa a 1943. Ka ga yadda ƙwayar carbi ɗaya ta zama abu ɗaya a zawiya, wani abu dabam a ofis. Hukuncin wuridi ka ɗauke shi daga littattafan ɗarikar kanta, Jawahirul Ma'ani da Rimahu, ba daga rahoton ɗan sanda ba.

Haka za ka yi da kowace ɗarika. In ka ci karo da kalmar naƙshajam a wurin Hatmiyya, ba ɗalasimi ba ce: haruffan farko ne na hanyoyi biyar da Mirgani ya haɗa, Naƙshabandiyya, Ƙadiriyya, Shazaliyya, Junaidiyya da Mirganiyya. Dogon carbin nan mai ƙwaya dubu da ake kira alfiyya, wanda darwishai ke ratayawa, na lalob ne, wato ƙwallon aduwa da yaranka suka sani sarai. Faɗa musu haka, za su riƙe.

Ina roƙonka abu guda. Akwai masu ganin tauraro mai tsini shida a jikin tuta ko tsohon allo su ce na Yahudu ne ko na Masoniyya. Hatimin Sulaimana ne, Musulmi sun daɗe suna zana shi, yana jikin tsofaffin kuɗin Maroko, yana jikin kwabo mai huji da anini da kakanninmu suka kashe a Najeriya. Zane ɗaya yana shiga gidaje da yawa. Kafin ka rubuta ma'anar kowace alama, raba shafinka gida uku: abin da tsohon littafi ya ce da shekararsa, abin da littafin ɗarikar ya ce, da abin da halifa ko muƙaddamin yau ya faɗa maka da bakinsa, da garinsa. Inda ukun suka haɗu rubuta kai tsaye. Inda suka saɓa kawo su duka, kowanne da mai shi.

Malam na Kasala:

Alaramma ya faɗi abin da ya kamata. In ƙara biyu a taƙaice. Don gyara shekarun haihuwa da rasuwa, gwada da ƙamus ɗin tarihin mutanen Sudan na Richard Hill, bugu na biyu na 1967, da littafin Ali Salih Karrar kan ɗarikun Sudan na 1992, wanda ya yi aiki da takardun gidajen shehunnan kansu. In suka saɓa wa Willis a kan silsila, bi Karrar.

Na biyu, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 zuwa ɗakunan karatu na Kartum ya zama da wuya, don haka kwafin da ke hannunka ya ƙara daraja. Ɗauki hoton kowane shafi da waya, da rana amma a inuwa, ba da fitilar waya ba, ka fara da shafin suna da bayansa inda shekarar bugu take, don shi ne ake yawan tsallakewa. Kada ka liƙa salatef a inda ya yage, gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa, bayan 'yan shekaru ya ɓalle da rubutun. Naɗe littafin da farar takarda, ka ɗaure da zaren auduga ba roba ba. Ɗora shi a kan katako nesa da bango da ƙasa, saboda gara da laimar damina, wadda ka san yadda take a Gadarif. Leda kuma kada ta kusance shi, tana riƙe gumi sai takarda ta yi fumfuna.